Yadda Sojojin Laima Na Amurka Suka Datse Wa Hitila Hanya A Bastogne

Daga Wakilinmu

A kudu maso gabashin ƙasar Beljiyam, dab da iyakarta da Luksamburg, akwai wani ɗan gari da ake kira Bastogne. A cikin shekarar 1944 mazaunansa ba su wuce mutum 4,000 da 'yan kai ba, kuma in ban da manoman karkara da ke kawo amfanin gonarsu ranar kasuwa, ba wanda ya damu da shi. Amma garin yana da wani abu guda wanda ya jawo masa masifa, watau manyan hanyoyin mota guda bakwai da suka haɗu a dandalinsa. A ƙasar da ke cike da tuddai da kwazazzabai da kurmi, duk wanda ya riƙe wannan mahaɗa, to, ya riƙe maƙogwaron kowace rundunar da ke neman wucewa yamma.

A kan waɗannan hanyoyi ne aka gwabza ɗaya daga cikin faɗace-faɗace mafiya tsanani na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila. A nan ne kuma sojojin laima na Amurka suka yi sunan da har yau ake tunawa da shi, ko da yake, kamar yadda mai karatu zai gani, a cikin motocin ɗaukar kaya aka kai su filin daga.

CACAR ƘARSHE

Sojojin Taron Dangi, watau Amurka da Ingila da Kanada da abokansu, sun sauka a gaɓar Normandy ta ƙasar Faransa ran 6 ga watan Yuni, 1944. Kafin ƙarshen Agusta sun ƙwace Paris, farkon Satumba kuma suka shiga Brussels da Antwerp, babbar tashar jiragen ruwan Beljiyam. Daga gabas ga Rashawa sun matso. Manyan hafsoshin Taron Dangi suka ɗauka cewa Jamus ta riga ta galabaita, ba ta da sauran ƙarfin kai hari babba.

Ashe Hitila yana can yana ƙulla tasa. Nufinsa shi ne ya keta ta dajin Ardennes, inda sojojinsa suka taɓa ɓullowa suka mamaye Faransa a 1940, ya ƙetare kogin Meuse cikin kamar kwana biyu, sa'an nan ya zarce ya ƙwace Antwerp. In hakan ta samu, zai raba Amurkawa da Turawan Ingila gida biyu, ya toshe ƙofar da abincinsu da makamansu ke shigowa, wataƙila ma ya tilasta musu zaman sulhu. Manyan janar-janar ɗinsa, Rundstedt da Model, sun ga abin ya fi ƙarfin abin da ke hannunsu, amma ba a yi wa Hitila musu.

Shirin ya dogara ne a kan abu uku. Na farko asiri. Na biyu hazo da gajimare, don jiragen saman Taron Dangi su kasa tashi. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne sauri, domin man fetur ɗin da Jamusawa suka tanada ba mai yawa ba ne, kuma kowace rana da aka ɓata tana ba abokan gaba damar kawo gudummawa.

Da asubahin ran 16 ga Disamba, 1944, igwogin Jamus suka soma aman wuta a kan fagen da tsawonsa ya kai mil 80. Sojoji sama da 200,000 da ɗaruruwan tankokin yaƙi suka fito daga cikin hazo suka afka wa Amurkawa. Waɗanda aka ajiye a wurin kuwa, wasu sababbin zuwa ne da ba su taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba, wasu kuma an kawo su ne su huta bayan sun sha wuya a wani fagen. Layin Amurkawa ya lotsa ciki ƙwarai, har a kan taswira ya yi kama da kumburi, shi ya sa suka laƙaba wa faɗan sunan da ke nufin Yaƙin Kumburi.

AN TAYAR DA SU DAGA HUTU

Da babban kwamandan Taron Dangi, Janar Eisenhower, ya duba sojojin ko-ta-kwana da ke kusa, sai ya tarar runduna biyu kaɗai gare shi, dukansu na sojojin laima: Runduna ta 82 da Runduna ta 101. Suna hutawa a sansanoni kusa da birnin Reims na Faransa, bayan sun dawo daga Holan, inda aka jefa su ta sama cikin watan Satumba. Runduna ta 101 sai da ta yi kwana 72 a fagen fama a can kafin a janye ta.

Kada mai karatu ya rikita wannan Runduna ta 82 da ta Afirka ta Yamma mai irin wannan lamba, wadda 'yan Nijeriya da yawa suka yi aiki a cikinta. A daidai wannan lokaci su namu suna can ƙasar Bama suna fafatawa da Japanawa cikin kurmi da zafi.

Sojan laima dai an horar da shi ne don a jefa shi a bayan abokan gaba, ya kama gada ko mahaɗar hanya, ya riƙe ta na 'yan kwanaki har manyan runduna su iso. Saboda haka makamansa marasa nauyi ne, ba shi da tankoki, igwoginsa ƙanana ne. Amma ya saba da abu guda wanda ke karya zuciyar sauran sojoji, watau ya waiwaya ya ga abokan gaba gaba da baya, dama da hagu.

Umarnin tashi ya iso da daren 17 ga Disamba. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan karon haka aka yi. Wasu sojojin suna hutu a Paris, makamai da yawa suna wurin gyara, rigunan sanyi da takalman ƙanƙara ba su wadata ba. Shugaban Runduna ta 101, Manjo-Janar Maxwell Taylor, yana Washington, mataimakinsa kuma yana Ingila. Sai ragama ta faɗa hannun shugaban masu igwa, Birgediya-Janar Anthony McAuliffe.

Aka tattaro manyan motoci wajen 380, aka ɗura mutum kamar 11,000 a tsaye, aka kama hanya ta fiye da mil 100 cikin sanyin dare. Saboda gaggawa aka bar direbobi suka kunna fitilu, abin da dokar yaƙi ta hana. Runduna ta 82, wadda ta riga tashi a ƙarƙashin Manjo-Janar James Gavin, aka zarce da ita arewa zuwa Werbomont. Ta 101 kuwa aka sauke ta a Bastogne. A bakin hanya suka riƙa gamuwa da sojojin da suka tsere daga gabas, suna karɓar harsasai daga hannunsu.

TSEREN SA'O'I

Da Jamusawa sun riga su shiga garin da tuni labari ya sha bamban. Abin da ya hana haka shi ne jinin waɗansu. Sojojin ƙasa na Runduna ta 28 sun tsaya a ƙauyukan Luksamburg har aka kusa ƙarar da wasu ɓangarorinsu, suka ci wa Jamusawa kusan kwana biyu. Sa'an nan wani sashe na Runduna ta 10 ta tankoki, a ƙarƙashin Kanar William Roberts, ya iso Bastogne ran 18 ga wata, ya kasu uku, ya tare hanyoyin gabas da arewa.

Da safiyar 19 ga wata, rukuni na 501 na sojojin laima, a ƙarƙashin Julian Ewell, ya fita gabas cikin hazo, ya yi kiciɓis da tankokin Janar Bayerlein a ƙauyen Neffe, ɗan taƙi kaɗan daga garin. Zafin wutar da Bayerlein ya gamu da ita ya sa ya zaci babbar runduna ce a gabansa, ya dakata. A Noville da ke arewa, wata bataliyar sojojin laima da 'yan tankoki kaɗan suka riƙe rundunar tankokin Jamus sukutum har zuwa 20 ga wata. Kwamandan bataliyar ya mutu a wurin, na tankokin kuma aka ji masa rauni, daga baya ya faɗa hannun Jamusawa.

A daren 19 ga wata wata babbar hasara ta auku. Jamusawa sun zagayo ta yamma suka kama asibitin rundunar, suka tafi da likitoci da magunguna da kayan fiɗa. Zuwa 21 ga wata an datse dukan hanyoyin nan bakwai. An yi wa Bastogne ƙawanya.

Ya kamata a sani, ba sojojin laima kaɗai ke cikin zoben ba. Akwai mutanen Kanar Roberts da tankokinsu, da Bataliya ta 705 mai farautar tankoki, da ragowar rundunonin da aka tarwatsa. Akwai kuma Bataliya ta 969 ta manyan igwogi, wadda sojojinta baƙaƙen fata ne, a zamanin da sojan Amurka ke ware baƙi daga farare. Tare da su akwai ragowar 'yan'uwansu na Bataliya ta 333, wadda dakarun SS na Hitila suka yi wa mutanenta 11 kisan gilla a ƙauyen Wereth ran 17 ga wata. Igwogin waɗannan mutane suna tsakiyar zobe, ana juya bakinsu duk inda hari ya ɓullo.

AMSA MAI KALMA ƊAYA

Daga nan sai ƙanƙara ta sauko. Wanda bai wuce sanyin hunturu ba zai yi wuya ya gane irin wannan sanyi. Ruwa yana daskarewa a cikin gora, ƙasa ta yi tauri har shebur ya kasa shigarta, mutum ya kwana a rami da jiƙaƙƙen takalmi ya wayi gari yatsunsa sun mutu. Masu rauni aka jera su a ƙasa cikin majami'a da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ba maganin kashe zafi isasshe. Mutanen ƙauyen Hemroulle suka tara fararen zannuwan gadonsu suka ba sojoji, don su lulluɓa su saje da ƙanƙara. Harsasan igwa suka yi ƙaranci har wasu igwogin ba su da abin da ya wuce goma goma.

Da hantsin 22 ga Disamba, Jamusawa huɗu suka tunkaro layin kudu ɗauke da farar tuta. Sun zo da takarda daga Janar Heinrich von Lüttwitz, wadda ke cewa an kewaye garin, a miƙa wuya cikin sa'a biyu, in ba haka ba a rugurguza shi da igwa, alhakin farar hula kuma ya rataya a wuyan Amurkawa.

Da aka kai wa McAuliffe, kalmar da ta fara fita daga bakinsa ita ce “Nuts”. A Turance asalinta sunan 'ya'yan itace masu ɓawo ne irin su gyaɗa, amma a bakin Ba'amurke tana nufin shirme ko zancen banza. Da ya rasa abin da zai rubuta, sai wani hafsansa, Harry Kinnard, ya ce ai babu amsar da ta fi wadda ya fara bayarwa. Haka aka buga ta, kalma ɗaya tak, daga kwamandan Amurka zuwa kwamandan Jamus. Kanar Joseph Harper ya kai takardar da kansa. Da manzannin suka kasa fahimta, ya yi musu fassara, cewa ma'anarta su tafi can su shiga wuta.

Wannan amsa ba cika baki kawai ba ce. McAuliffe ya san manyan tankokin Jamus sun riga sun kauce wa garin sun nufi Meuse, sun bar aikin ƙawanya ga sojojin ƙasa. Ya kuma lura Jamusawa suna kawo hari ne gefe ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ba shi damar tara ƙarfinsa a duk inda aka taɓa. Daɗin daɗawa, ya san Janar George Patton ya juyo da Babbar Runduna ta Uku daga kudu, kamar yadda ya yi alkawari a taron Verdun ran 19 ga wata.

SAMA TA WASHE

Ran 23 ga Disamba gari ya waye tangaran. Da sassafe aka jefa 'yan sojojin laima kaɗan masu na'urar nuna wa jirage hanya, su ne kaɗai suka shiga Bastogne ta sama da laima. Bayansu jirage 241 suka zubo tan 144 na kaya, mafi yawa harsasai da magunguna da abinci. Jiragen yaƙi kuma suka bi hanyoyi suna ƙone motocin Jamusawa.

Amma wuya ba ta ƙare ba. A daren jajiberin Kirsimeti jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai. Ɗaya ya faɗa kan gidan da ake jinyar masu rauni, ya kashe mutum wajen 30, har da wata nas 'yar garin mai suna Renée Lemaire. Abokiyar aikinta, Augusta Chiwy, wadda uwarta 'yar Kongo ce ubanta kuma ɗan Beljiyam, ta tsira, ta ci gaba da jinya har bakin daga. Sai a 2011 Sarkin Beljiyam da sojan Amurka suka karrama ta, ta rasu a 2015.

Ranar Kirsimeti da asuba Jamusawa suka kawo hari mafi girma ta arewa maso yamma, wajen Champs da Hemroulle. Tankoki 18 suka keta layi. Sojojin da ke ramuka suka bar su suka wuce, suka tare sojojin ƙasa da ke biye, sa'an nan igwogi da masu farautar tankoki suka rufar wa tankokin. Ko ɗaya bai koma ba.

Kashegari, 26 ga wata, jirage marasa inji da ake ja da igiya suka sauko da likitocin fiɗa da man fetur. Da la'asar sakaliya kuma tankokin Patton na Bataliya ta 37, wadda Creighton Abrams ke shugabanta, suka fasa zoben ta ƙauyen Assenois.

WAƊANDA BA A CIKA AMBATA BA

Sunan Bastogne ya danne aikin Runduna ta 82 a arewa, alhali kuwa nauyin da ta ɗauka bai gaza ba. A wannan sashe ne dakarun SS na Joachim Peiper suka yi nisa, su ne kuma suka harbe fursunonin yaƙi na Amurka 84 kusa da Malmedy ran 17 ga wata. Injiniyoyin sojan Amurka sun riƙa fasa gadoji a gabansa, har mutanen Gavin suka iso. A Cheneux, ran 20 da 21 ga wata, rukuni na 504 ya ratsa fili mai shingayen waya cikin ruwan harsasai ya ƙwace ƙauyen, bayan hasarar rayuka masu yawa. Rukuni na 505 kuma ya riƙe kogin Salm a Trois-Ponts. Peiper ya maƙale a La Gleize babu mai. Daga ƙarshe ya bar tankokinsa ya sulale da ƙafa cikin dare da mutum kamar 800.

Haka nan Runduna ta 82 ce ta riƙe ƙofar da dubban sojojin da suka kare garin St. Vith suka fice ta cikinta ran 23 ga wata. Washegari Montgomery na Ingila, wanda aka danƙa wa sashen arewa, ya umarce ta ta ja da baya zuwa layin da ya fi sauƙin karewa. Abin bai yi wa Gavin daɗi ba, domin mutanensa suna taƙama da cewa ba su taɓa sakin ƙasar da suka kama ba, amma suka bi umarni cikin dare.

Watan Janairu, 1945, lokacin da aka juya ana korar Jamusawa, shi ya fi cin rayuka. Runduna ta 17 ta sojojin laima, wadda aka ɗauko daga Ingila, ta shiga faɗanta na farko ran 4 ga wata a yammacin Bastogne cikin guguwar ƙanƙara, ta ji jiki ƙwarai. Bataliya ta 551, wadda ta fara harin da mutum sama da 600, ta fito daga Rochelinval da ɗari da 'yan kai, aka rushe ta aka raba ragowarta. Runduna ta 101 ta sake ƙwato Foy da Noville. Ran 16 ga Janairu sojojin arewa da na kudu suka haɗu a Houffalize, zuwa 25 ga wata kuma kumburin ya sace.

MENE NE RABONSU A CIKIN NASARAR?

Amurkawa sama da 600,000 ne suka shiga wannan yaƙi, wajen 19,000 suka mutu. Jamusawa sun yi hasarar fiye da mutum 60,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, ga tankoki da jirage waɗanda ba su sake samun madadinsu ba. Farar hula kimanin 3,000 suka halaka a Beljiyam da Luksamburg. A cikin wannan taro, sojojin laima kaso ne ƙarami. Masana tarihin soja da yawa suna ganin inda aka fara karya shirin Hitila shi ne tudun Elsenborn, inda sojojin ƙasa na Runduna ta 2 da ta 99 suka hana babban harin wucewa tun kwanakin farko.

To, amma rabon sojojin laima a bayyane yake. Hitila yana bukatar hanyoyi da lokaci, su kuwa suka hana shi duka biyu. Da yake Bastogne ba ta faɗi ba, dole motocin mai da na harsasai suka riƙa zagaye ta ƙananan hanyoyi masu taɓo. Runduna ta 2 ta tankokin Jamus ta isa Celles, mil kaɗan daga Meuse, a jajiberin Kirsimeti, man ta ya ƙare, aka ragargaza ta a wurin. Babu rundunar Jamus ko ɗaya da ta ƙetare kogin. Sojojin da Hitila ya ƙone a Ardennes kuwa su ne ya rasa ran 12 ga Janairu, sa'ad da Rashawa suka taso daga kogin Vistula. Ba a cika wata huɗu ba bayan wannan rana Jamus ta miƙa wuya.

A watan Maris, 1945, Eisenhower ya ba Runduna ta 101 lambar yabo ta Shugaban Ƙasa, karo na farko da aka ba runduna sukutum. Bataliya ta 969 ta baƙaƙen fata ita ma ta sami irin wannan yabo. A 1948 Manjo John Hanlon, wanda ya ari zannuwan Hemroulle, ya koma ƙauyen da sababbi waɗanda mutanen garinsu suka tara, ya cika alkawarin da ya ɗauka. A 1950 aka buɗe wani babban gini mai siffar tauraro a kan tudun Mardasson, bayan garin Bastogne, don tunawa da Amurkawan da suka faɗi, dandalin da hanyoyin nan bakwai suka haɗu kuma aka sa masa sunan McAuliffe.

Tsofaffin sojojin Runduna ta 101 dai, har tsufansu, akwai maganar da ba sa yarda da ita, watau a ce Patton ne ya cece su. A ganinsu an aike su ne su riƙe gari, sun kuwa riƙe shi, mutanen Patton sun zo ne sun same su a bakin aiki.